Tankin gwajin ɓeraye ƙirar Katsina: abin da mai walda ya iya da abin da sai an tsaya masa

Duk mai son auna yadda ɓera ke gane hanya, ko ɗalibi ne mai aikin kammala digiri ko malami mai gwada wani tsiro a kan mantuwa, kaya uku yake fara nema: tankin ruwa na Morris, akwatin hanya takwas, da mararrabar hanya huɗu. Na ƙasar waje suna da kyau, sai dai tankin da faɗinsa ya kai mita ɗaya da rabi ba ya naɗuwa, ba ya shiga kwali, kuma kuɗin dakonsa kaɗai ya isa ya cinye kasafin ƙaramin sashe. Shi ya sa ake komawa wurin masu walda. A cikin garin Katsina, ta wajen Ƙofar Ƙaura, akwai wani shago da ke karɓar irin wannan aiki, yana haɗa ukun a oda ɗaya. Kayan da ke fitowa daga hannunsa muka duba a nan.

Hukuncinmu tun farko: tankin ya yi, amma sai an yi masa gyara uku. Dandamalin da ake haɗowa da shi, wato ɗan wurin da ɓera ke hawa a cikin ruwan, ba shi da amfani, a ajiye shi a yi wani. Mararrabar ita ce mafi kyawun abin da shagon ke yi. Akwatin hanya takwas kuwa, in dai da katako ne, kada a karɓa.

Maigidan shagon ya iya aikinsa. Waldarsa ba ta yoyo, da'irarsa ba ta karkace ba, kuma yana cika alkawarin rana. Matsalar ita ce hannunsa ya saba da tankin ajiye ruwa, inda ba wanda ya damu ko layin walda ya fito ko fenti yana ƙyalli. A tankin gwaji kuwa waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke yanke wane sashen ƙwaƙwalwar ɓera kake aunawa. Wanda bai fahimci wannan ba zai biya kuɗi, ya yi wata guda yana jiƙa ɓeraye, ya rubuta cewa ya auna hifokamfus, sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe taswirar wuri, alhali wani abu daban ya auna.

Abin da tankin yake tambayar ɓera

Richard Morris ne ya fito da wannan gwaji a Jami'ar St Andrews ta Sikotilan a 1981. Tsarinsa ba wuya: da'irar ruwa, da ɗan dandamali da aka nutsar ƙasa da saman ruwan yadda ba a ganinsa. Ɓera gwanin iyo ne amma ba ya son zama a ruwa, don haka zai nemi wurin tsayawa. Tun da ba ya ganin dandamalin, ba ya kuma jin ƙanshinsa, hanya ɗaya ta rage masa: ya ɗaga kai ya dubi abubuwan da ke jikin bangon ɗakin, ya ƙiyasta inda yake a tsakaninsu. A 1982 Morris da abokan aikinsa, har da John O'Keefe, suka nuna cewa ɓeran da aka lalata wa hifokamfus yana kasa wannan, yana ta yawo cikin ruwa, amma in aka ɗaga dandamalin ya fito sarari sai ya nufe shi kai tsaye kamar kowane ɓera. Wato idonsa lafiya, ƙafarsa lafiya, son fitarsa na nan. Taswirar wurin da ke cikin ƙwaƙwalwa ce babu.

Taswirar nan ba sashe ɗaya ke zana ta ba. O'Keefe da Jonathan Dostrovsky sun gano a 1971, a Landan, cewa a cikin hifokamfus akwai ƙwayoyin jijiya da kowace ba ta tashi aiki sai ɓera ya taka wani wuri ayyananne. Waɗannan su ne ƙwayoyin wuri. James Ranck a 1984, sannan Jeffrey Taube daga 1990, suka bayyana ƙwayoyin alƙibla, waɗanda ke tashi idan kan ɓera ya fuskanci wata nahiya, ko a ina yake tsaye. Ana samunsu a wurare da dama, har da gaban talamus, wani sashe a can tsakiyar ƙwaƙwalwa, kuma sun dogara ƙwarai da ma'aunin daidaito na kunnen ciki. A 2005 ɗakin binciken May-Britt Moser da Edvard Moser a Trondheim ta Norwe ya gano ƙwayoyin raga a ɓawon entorainal, ƙofar da saƙo ke bi ya shiga hifokamfus. Kowace ɗaya tana tashi a wurare da yawa da suka jeru kamar idon raga mai kusurwa shida, abin da ke ba dabba ma'aunin nisa. Wannan aiki ne ya kai O'Keefe da su Moser ga kyautar Nobel ta 2014.

Amma ƙwaƙwalwa tana da wata hanyar kai ɓera ga abin da yake so ba tare da taswira ba. Wani sashenta da ake kira sitirayatum, musamman gefensa na sama ta waje, yana koyon al'ada: in ka ga kaza ka nufe shi, in ka zo nan ka juya hagu. Bambancin kamar na mutum biyu ne a tsohon garin Katsina. Ɗaya ya san inda Hasumiyar Gobarau take, duk lungun da aka sauke shi zai hango ta ya gane gabas da yamma ya kama hanya. Ɗayan ya haddace ne kawai, dama, hagu, hagu, daga ƙofar gidansu. Ranar da aka sauke shi ta wata ƙofar ya ɓace. Dukansu suna isa kasuwa a ranar da komai yake daidai. Aikin kayan gwaji shi ne su hana ɓera zama mutum na biyu, ko kuma su nuna maka lokacin da ya zama.

Tankin

Wanda shagon ke yi faɗinsa santimita 150 ne, tsayin bango 60, da fallen ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya da rabi. Girman ya dace da manyan ɓeraye. Wasu ɗakunan bincike suna amfani da 180 har 210, kuma in ɗakinku zai ɗauka, ku nemi 180. Kada ku yarda a rage zuwa 120 don sauƙin kuɗi. Lissafin a bayyane yake: dandamali mai faɗin santimita 10 kashi ɗaya ne cikin 225 na filin tanki mai 150, kashi ɗaya cikin 324 na mai 180, amma ɗaya cikin 144 kacal a mai 120. A ƙaramin tanki ɓera mai tsawon jiki zai yi karo da dandamalin da sa'a, ko ƙwaƙwalwarsa na aiki ko ba ta yi, sai ku ga rukunin da aka ba magani da wanda ba a ba ba sun zo kunnen doki.

Gyara na farko shi ne layin walda. Fallen ƙarfen da ake samu a kasuwa ƙafa huɗu ne a kan takwas, wato kusan santimita 122 a kan 244. Kewayen tanki mai 150 santimita 471 ne, don haka mai walda yana raba falle ɗaya gida biyu a tsaye ya haɗa, bango ya fito da layi biyu daga sama har ƙasa. Ƙasan ma sai an yi haɗi, tun da 150 ya fi 122. Shagon yana barin waɗannan layuka a tashe daga ciki, ya shafa fenti a kai. Ga ɓeran da ke iyo yana gogar bango da gashin bakinsa, layin nan alama ce zaunanniya. Zai iya koyon cewa daga layin in ya karkata kaɗan zai samu wurin tsayawa, kuma wannan koyo bai buƙaci taswirar ɗaki ba. A sa shi ya gurje layin da injin gurza, ya cike da fila irin ta masu gyaran jikin mota, ya goge har hannu ya wuce bai ji komai ba. Wanda ya fi iya wannan fanel bita ne, ba mai walda ba, kuma ba laifi a ɗauko shi yini ɗaya.

Na biyu fenti. Shagon yana shafa baƙin fentin mai, mai ƙyalli, irin na ƙofa. Baƙin ya yi daidai, domin kusan duk ɓerayen gwajin da ake samu a arewa farare ne jinsin Wistar, kuma farin ɓera a baƙin tanki shi ne abin da kyamara ta fi so. Haka kuma in tanki baƙi ne, dandamali baƙi, ba sai an gurɓata ruwan da komai ba. Wannan babban sauƙi ne a nan, don madarar gari da tsofaffin rubuce-rubuce ke ambata tana tsami cikin yini guda a zafin Katsina. Ƙyallin ne matsala: yana mayar da hasken ƙwan lantarki, manhajar da ke bibiyar ɓera ta kyamara ta ɗauka farin tabon nan ɓera ne, ta bar dabbar ta maƙale a kansa. Fentin mai kuma yana ɓarewa in ya daɗe a ruwa, ga wari. A nemi fentin efoksi baƙi marar ƙyalli, a yi shafi biyu, a bar shi mako guda ya bushe sarai, a cika ruwa a zubar sau biyu kafin a saka dabba.

Na uku magudana. Ya sa kan famfo mai rabin inci a gefe, ɗan sama da ƙasan tankin. Ruwa mai zurfin santimita 40 a wannan tanki lita 707 ne, kusan jarka 28, kuma ta rabin inci sai an daɗe ana jira, ga sauran da zai kwanta a ƙasa da kashin ɓera a ciki. A buɗa magudanar inci ɗaya da rabi a ƙasa, bakinta ya yi daidai da ƙasan, a shafe shi baƙi. Tun kafin a kawo tankin a san inda ruwan zai bi ya fita, domin da zarar an cika shi ba mai motsa shi.

Ƙafafun sun yi ƙarfi, ƙarfen angil ne mai kauri da giciye a ƙasa, kuma sun ɗauki nauyin da ya haura kilo 700 ba su lanƙwasa ba. Abin da suka rasa shi ne kusoshin daidaitawa. Daɓen siminti da wuya ya miƙe sak, kuma in tanki ya karkata da santimita ɗaya, dandamalin da ya nutse daidai a wani kwata, wato kashi ɗaya cikin huɗu na da'irar, zai leƙo a wani. A sa noti da kusa a ƙarƙashin kowace ƙafa, a cika ruwa, a auna daga baki zuwa ruwa a wuri huɗu har su zo ɗaya. Santimita 20 da ke tsakanin ruwa da baki sun yi: in ya gaza haka ɓera zai kama baki ya fice, in ya fi haka bango zai tare masa ganin ɗaki. Abin yabo ɗaya da ba a roƙe shi ba, ya naɗe bakin tankin ta waje, ba ta ciki ba, don haka babu abin kamawa.

Dandamalin kuwa ƙarfe ne mai santsi a kan siririyar sanda, tsayinsa 35. Kuskure uku ke nan a abu ɗaya. Santimita biyar ƙarƙashin ruwa ya yi zurfi, ɓera zai iya wucewa ta kansa, in ma ya hau rabin jikinsa na cikin ruwa, bai ji ya tsira ba. Santsi yana sa ya zame ya koma iyo, ya koyi cewa wurin ba na tsayawa ba ne. Sandar kuma tana rawa. Maganinsa a shagon masu kayan famfo yake: bututun roba mai inci huɗu, a cika shi da kankare, a rufe da murfinsa, a kankare saman da takardar yashi mai kaushi ko a manna baƙar roba mai gurzo, a yanka yadda zai tsaya santimita ɗaya zuwa biyu ƙasa da saman ruwa. A yi na biyu da ya fi shi tsayi da santimita uku, a yi masa farin zobe ko 'yar tuta, don gwajin dandamali na sarari. Wurin ajiyewa tsakiyar kwata ne, kimanin santimita 37 daga bango. In ya matsa kusa da bango, ɓeran da tsoro ya sa yake zagaye gefe zai riƙa samunsa a banza.

Ruwa da ɗaki, inda shagon ba shi da hannu

Mafi yawan gwajin da ke lalacewa a nan ba tanki ke lalata shi ba, zafin ruwa ne. Ana so ya tsaya wajen digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas, kuma ya zama ɗaya kowace rana. A watan Afrilu da Mayu ruwan tankin saman rufi yana yin ɗumi sosai da rana, ɓera ya shiga ya ji daɗi, ya yi ta shawagi ba ya gaggawar fita, a rubuta masa mantuwa. A hunturu, Disamba da Janairu, ruwan da ya kwana yana iya sauka ƙasa da 20, sanyi ya kama dabba, musamman ƙarama ko marar lafiya, iyonta ya ragu. Ga lissafin da zai taimaka: don sauke zafin lita 700 da digiri biyar ana buƙatar ƙanƙara wajen kilo 33, a bari ta narke duka a gauraya. Don ɗaga shi daga 18 zuwa 25, tafasasshen ruwa wajen lita 60 za a maye da shi. Mai hita mai wat 1,500 ya ba ta kusan awa uku don digiri biyar, kuma ya cire ta daga soket ya fitar da ita daga ruwa kafin ya taɓo keji.

Alamomin bango su ne rabin gwajin, kuma ana raina su. Farin ɓera idonsa rauni gare shi, ƙarfin ganinsa kusan rabin na ɓera mai launi ne. Ƙaramar takarda da aka zana tauraro ba ta isa ba. A yanka manyan siffofi baƙi da fari, kowace ta kai rabin mita, da'ira, giciye, ratsi a tsaye, ratsi a kwance, a kafa a bangon ɗaki inda za a hango su daga saman ruwa. Kada a manna su a bakin tankin, kada kuma a sa ɗaya daidai bayan dandamali, don in aka yi haka ta zama tuta, ɓera ya nufe ta kawai. In an kafa an kafa ke nan. Robert Muller da John Kubie sun nuna a 1987 cewa idan aka juya farin kati ɗaya da ke jikin bangon wurin gwaji, ƙwayoyin wuri suna juyawa tare da shi. Don haka mai shara da ya matsar da kabad ranar Laraba ya juya wa ɓerayenku duniya. Shi ma mai gwajin alama ne: ya saki dabba ya koma wuri ɗaya ya zauna, ko bayan labule. A kashe fanka saboda igiyar ruwa, a rufe taga saboda rana tana tafiya, a sa fitilu huɗu su haska bango maimakon ruwa, kuma a ɗora su da kyamara a kan batir, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar gwajin ƙarshe ba ta da gyara.

Shagon yana haɗo sandar rataye kyamara, kuma ta yi, sai dai gajeriya ce. Kyamarar kwamfuta ta yau da kullum tana son tsayin mita biyu ko fiye daga ruwa kafin ta ɗauke da'irar duka, kuma dole ta zauna daidai tsakiya, in ba haka ba nisan gefe ɗaya zai fi na ɗayan a hoto. Gara a kafa ta a silin. Ta fannin manhaja, ANY-maze da EthoVision na kuɗi ne, ezTrack kyauta ce kuma ta isa wannan aiki ga wanda zai zauna ya koyi shigar da ita. Agogon hannu kaɗai bai wadatar ba, ga dalili. Yawancin aikin da ake yi a jami'o'inmu a kan ɓerayen da aka sa wa ciwon suga ne, ko aka ba sikofolamin, maganin da ke jawo mantuwa, sannan a gwada zogale ko habbatus sauda. Ɓera mai suga ba shi da ƙarfi, sikofolamin kuma yana buɗa ƙwayar ido yana sa yawan motsi. Jinkirin isa dandamali zai iya zama na ƙafa ko na ido. Sai an ga tsawon hanyar da ya bi, da gudunsa, da yawan lokacin da ya yi a gefe, sannan a gwada shi da dandamali na sarari, kafin a ce ƙwaƙwalwa ce.

Tsarin da ya fi yaɗuwa: gwaji huɗu a rana, kwana biyar, a ba dabba sakan 60 zuwa 120, in ta kasa a jagorance ta da hannu, a bar ta sakan 15 a kan dandamali ta dudduba, a tsane ta da tawul. In dandamali yana kudu maso yamma, a riƙa sakinta daga arewa, gabas, kudu maso gabas da arewa maso yamma, fuskarta na kallon bango, ana sauya jerin kullum. Wannan sauyi shi ne ran gwajin, domin ɓeran da hifokamfus ɗinsa ya samu matsala yana iya koyon hanya in daga wuri ɗaya ake sakinsa kullum. Bayan awa 24 da gwajin ƙarshe a cire dandamali, a sake ta daga arewa maso gabas, inda ba ta taɓa tashi ba, na sakan 60. Sa'a kaɗai tana ba da sakan 15 a kowane kwata. Abin da ya haura haka a kwatan da dandamali yake shi ne shaidar tunawa. Wanda zai yi wa hifokamfus tiyata ko allura ya tuna cewa ɓangaren sama ne ya fi ɗaukar wannan aiki, kamar yadda su Moser da Per Andersen suka nuna a 1993. Lalata na ƙasa ba ya yin ɓarna irin haka a tanki.

Akwatin hanya takwas

David Olton da Robert Samuelson ne suka kawo shi a 1976: dandali a tsakiya, hannaye takwas sun fita kamar hasken rana, abinci a ƙarshen kowane, aikin ɓera kuma ya tuna hannun da ya riga ya shiga kada ya koma. Ma'aunin shagon daidai ne, hannu mai tsawon santimita 70 da faɗin 10, a ɗage daga ƙasa. Amma da katakon filai ya yi shi, kuma katako yana shan fitsari. Ɓera da hanci yake rayuwa. In hannun da ya shiga yana ɗauke da warinsa, ba ya buƙatar tuna komai, shinshinawa zai yi. Goge katako da sifirit ba ya fitar da abin da ya riga ya shige ciki. Na biyu, babu ƙofofi a bakin hannayen. Ba tare da su ba ɓera mai wayo zai fita daga wannan ya faɗa na kusa da shi, ya zagaye takwas ɗin ba kuskure ko ɗaya, kuma wannan dabara ce ta jiki, ba tunawa ba. Ana buƙatar ƙofofi masu zamewa sama da ake ja da zare daga nesa, a tsare shi a tsakiya sakan biyar zuwa goma bayan kowane zaɓi. Na uku, kofunan abincin a fili suke, ana hango abin da ke ciki daga tsakiya. Gyaran ya kusa kai sabon aiki. Gara a kai zanen wurin masu allon talla su yanka shi da robar nan mai tauri da suke aiki da ita, mai walda ya yi ƙafafu kawai.

Mararrabar hanya huɗu

Wannan da alminiyam ya yi ta, hannaye huɗu daidai wa daida, da ƙyaure ɗaya mai cirewa da ke shiga kowane hannu. Ba ta shan wari, ana wanke ta cikin minti ɗaya, mutum ɗaya yana ɗagawa ya juya ta. Ita ce mafi araha cikin ukun, kuma a ganinmu ita ta fi koyar da ɗalibi, domin da ita ake maimaita gwajin Mark Packard da James McGaugh na 1996. A toshe hannun arewa, a riƙa sakin ɓera daga kudu, abinci kullum a yamma, wato juyin hagu. Ranar gwaji a toshe kudu a sake shi daga arewa. In ya juya dama ya tafi yamma, wurin ya koya. In ya juya hagu ya tafi gabas, juyin ya haddace. A nasu aikin, a rana ta 8 yawancin ɓerayen wuri suka bi, a rana ta 16 yawanci juyi suka bi. Da aka sa maganin kashe zafi na lidoken a sitirayatum a rana ta 16, sai suka koma bin wuri, alamar taswirar tana nan ba ta goge ba, al'ada ce ta danne ta. Ko ba a yi allurar ba, rabin farko na gwajin ya isa ɗalibi ya ga sassan biyu suna karɓar ragama da idonsa.

Abin da za a gyara a nan kaɗan ne. Bangon hannayen ya kai santimita 30, ya tare ɗaki, kuma ɓeran da ba ya ganin ɗaki dole ya koma bin juyi tun ranar farko. A rage shi zuwa 10 ko ƙasa. Alminiyam yana ƙyalli yana kuma santsi, a shafa masa toka-toka marar ƙyalli. A rage wa dabbobin abinci a hankali har nauyinsu ya tsaya a kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na asali, ana aunawa kullum, ruwan sha kuwa ba a taɓa shi. Wannan da duk sauran sai da amincewar kwamitin kula da dabbobin gwaji na makarantarku. Ɓerayen da aka ɗauko daga Zariya ko Kano a ba su mako ɗaya zuwa biyu su huta su saba da hannu. Wajen kai su daga keji zuwa mararraba a bi hanya ɗaya, kada a yi ta jujjuya su a hannu, saboda ƙwayoyin alƙiblar nan da ke sauraron kunnen ciki.

Farashi yana bin kuɗin ƙarfe na ranar, don haka a yi ciniki a rubuce, fenti da fila a ciki. Maigidan yana karɓar gyara in an zo masa da zane mai lambobi, ba hoton waya ba, kuma in aka ce masa, Malam, layin nan ɓera yana karanta shi, dariya zai yi amma zai gurje. A riƙe kashi ɗaya cikin uku na kuɗin har a kawo tankin ɗakin da zai zauna, a auna faɗin ƙofa tun kafin ranar, domin santimita 60 na bango da ƙafafu a haɗe ba sa wuce ƙaramar ƙofa sai ƙafafun na kwancewa ne. A cika shi, a shimfiɗa jarida a ƙarƙashi, a dawo bayan awa 24 a duba.